Kyautar Sallar bana: mu saya a hannun masu sana'armu, ko mu bi araha?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ga Sha'aban ya raba tsakiya, na san da yawanmu an fara lissafin kayan Sallah, na yara, na gaisuwar iyaye da surukai, samari kuma na toshi. Shawara na kawo. A cikin kuɗin da kowa ya ware wa kyautar Sallah bana, ya cire wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya sayi abin da hannun mutanen garinsa ya yi. Hular da aka ɗinka da allura, takalmin dukawa, zanen da aka tsoma a marina, kaskon turare, faifai, ko littafin marubucin da yake raye a cikinmu. Kuɗin nan dai sai sun fita daga hannunmu. Abin da nake so mu duba shi ne hannun wa za su shiga. Na tayar da zancen tun yanzu ne saboda aikin hannu ba a bayar da shi a goman ƙarshe.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Anti, niyyarki mai kyau ce, amma a duba halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanci bai sake numfasawa ba. Kuɗin hular hannu guda ɗaya sai ya saya wa yarana maza duka ta inji, har a samu canji. Yaro kuma kafin Babbar Sallah ko dai ya yar da ita a filin ƙwallo, ko kansa ya fi ƙarfinta. Wannan shawara ta masu hali ce. Mu da muke neman yadda za a rufe wa yara jiki ranar Idi, araha muke bi.

Maman Khalifa:
Yaya, ban ce a ɗinka wa ɗan shekara biyar hular Zanna ba. Na yara a saya musu abin da aljihu zai ɗauka. Amma wadda za ka kai wa mahaifinka ko surukinka fa? Dattijo yana riƙe hula shekara da shekaru, a wanke a goge ta dawo sabuwa. Kuma ba duk aikin hannu ne mai tsada ba. Faifai mai ado ko kaskon turare bai kai kuɗin katin wayar da muke sa wa a mako ba.

Hajiya Babba:
Gaskiyarki 'yata. Araha ba ta ado.

Ɗan Kwari:
Ku bari mu da muke cikin kasuwa mu ce wani abu, don na ga kamar za a mai da mu masu laifi. Ni yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, yawancinsa kuma daga Sin yake zuwa, ban ɓoye ba. Amma ku tambayi kanku, farin yadin da marini yake tsomawa daga ina yake? Zaren da ake ɗinka hula fa? Shaddar da manya suke alfahari da ita, Getzner, a Ostiriya ake saƙa ta. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 tana ina yau? Ku je Kakuri ku ga gine-ginen, ku zaga Bompai da Sharaɗa ku ƙirga masaƙun da suke aiki. Audugar Funtuwa da Gusau ba ta da masaƙar da za ta shanye ta kamar da. To idan tushen ya mutu, sayen hula ɗaya ranar Sallah me zai gyara? Mu ma 'yan ƙasa ne, yaran shagona da 'yan dako da masu kai kaya tasha duk a nan suke ci.

Malamin Zane:
Alhaji, babu wanda ya ce kasuwancinka haramun ne, kuma maganarka a kan masaƙu gaskiya ce. Sai dai ka lura da inda kuɗin kowane kaya yake tafiya. A hular inji da aka shigo da ita, abin da ya rage a gida ribar ɗan kasuwa ce da kuɗin mota. A hular hannu kuwa, zaren shi ne mafi ƙanƙantar kuɗinta. Mafi yawa ladan aiki ne: wanda ya zana, wadda ta ɗinka, wanda ya haɗa, wanda ya wanke ya buga. Duk waɗannan a unguwanninmu suke. Tayar da masaƙa aikin gwamnati ne da masu jari, sai an gyara wuta an toshe fasa-ƙwauri. Amma riƙe mai allura kada ta ajiye allurarta, wannan a hannunmu yake.

Ɗan Marina:
Na daɗe ina karantawa, bari in yi magana a kan abin da na tashi a cikinsa. Gidanmu marina ne kaka da kakanni. Duk wanda ya je Ƙofar Mata zai ga an rubuta 1498 a bakin wurin. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake kai tufafin Kano har Timbuktu da Tarabulus. Rawanin ɗan Kura mai ƙyalli da Buzaye suke naɗawa, a garin Kura ake rina shi. Wannan tarihi kowa yana son faɗarsa a taro. Amma ku shiga marinar yau ku ga ramuka nawa ne suke da ruwa, nawa ne shara ta cike.

Ga yadda aikin yake, don a gane dalilin kuɗinsa. Ramin yana da zurfi, ya fi tsayin mutum nesa, an shafe cikinsa da laso, wato simintin gargajiya, don kada ruwa ya tsiyaye. A cika shi da ruwa, a zuba baba, wato ganyen da ke ba da shuɗi, da toka da katsi, wato lakar da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, a bar shi kwanaki ana motsawa da doguwar sanda har ya nuna, kumfa ta taso. Kafin nan mata a cikin gidaje sun ɗauki farin yadi sun ƙulle shi da zare, ƙulli bayan ƙulli, shi ne adon da za a gani idan an kwance. Sai marini ya zauna a bakin rami ya tsoma, ya ɗago. Idan ya ɗago zanen kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Mai haske ba ya daɗewa, amma mai duhu sosai sai mutum ya wuni a tsugune. Daga nan a shanya, a kwance ƙulli, a kai mabuga su ɗora a kan gungume su yi ta bugu har ya yi sheƙi. Ku ƙirga gidaje nawa zane ɗaya ya ratsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, mun daɗe muna rayuwa da kuɗin baƙi. Turawa masu yawon buɗe ido su ne suke saye ba su ja ciniki. Bayan harin 20 ga Janairun 2012 ƙafarsu ta ɗauke daga Kano, sai muka waiga muka ga 'yan gida ba su san hanyar wurinmu ba. Akwai wanda aka haifa a cikin birni, kullum yana wuce ƙofar a Adaidaita Sahu, bai taɓa leƙowa ba.

Ɗan Damagaram:
Wallahi ɗan'uwa kamar da bakina ka yi magana. Mu ma nan Nijar haka ta same mu. Maƙeran azurfa na Agadas da baƙi suka dogara, lokacin da tseren motocin Faris zuwa Dakar yake bi ta nan kuma jirage suna sauke 'yan yawon hamada. Da tawaye da rashin tsaro suka zo, kasuwar ta faɗi. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, amma suna ba ya cika tukunya in babu mai saye. Wanda yake Yamai ya je gidan tarihi na Boubou Hama, akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a ciki, kana tsaye ana yin abinka. Akwai kuma kasuwar masu aikin hannu ta Wadata. Nan Damagaram dukawanmu suna nan da jakunkuna da takalma da matasan fata. Fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato ita ce fa wadda Turai suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can ayari yake bi da ita.

Baban Yusra:
To na ji duk wannan, kuma ya taɓa ni. Amma a faɗi ɗaya gefen. Masu sana'armu da yawa ba su da alƙawari. Na taɓa ba wani baduku aikin takalmin da zan kai wa mahaifina, na biya rabi tun farkon azumi. Kullum gobe, kullum jibi, har aka sauko daga Idi babu takalmi. Da ya gama kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Wanda aka yi wa haka, in ya koma kanti ya ɗauki na kwali, za a ga laifinsa?

Ɗan Marina:
Ba za a gani ba, Yaya. Wannan ciwon namu ne, ba zan kare shi ba. Akwai ma wanda ya fi shi: wasu suna rini da galura ta kanti su ce wa mai saye baba ne. Rini da galura sana'a ce, ba laifi, ja da rawaya da ake gani ai ba daga baba suke fitowa ba. Laifin shi ne a sayar da wani abu da sunan wani. Duk wanda ya yi haka mu duka ya ɓata wa suna.

Ummu Aiman:
Maganin saɓa alƙawari a nan, a sayi wanda aka riga aka gama. Ka shiga Kurmi ko Ƙofar Wambai, ka gwada a ƙafarka, ka biya ka tafi. In kuma dole sai an yi maka naka, ka bayar yanzu, ka sa ranar karɓa ta zama tsakiyar azumi, kada ka biya duka sai ka gani.

Bazazzagiya:
Ni inda nake so a kai zancen shi ne wurin mata, don su ne ba a gani. A cikin birnin Zariya gidaje da yawa aikin allura ne yake riƙe da su. Mace tana cikin ɗaki, ta gama girki ta sallami yara makarantar allo, ta ɗauki hula ko wuyan riga. Hula mai cikakken aiki tana cin makonni. Babbar riga mai aska takwas tana iya cin watanni. Kafin ta kai shekarun girma idonta ya fara raguwa, bayanta yana ciwo. Amma tsarin shi ne, dillali ya kawo yadi da zare, ya yanka mata ladan da ya ga dama, ya karɓa ya kai Kano ko Abuja ya sayar da abin da ita ba za ta taɓa jin labarinsa ba. To idan kun shiga babban shago kun sayi hular hannu kuna ganin kun taimaki mai ɗinki, wani lokaci mai shago kuka taimaka.

Ba na cewa a kori dillali, don mace mai kulle ba za ta je kasuwa ba, kuma shi ne yake zuba jari. Amma kusan kowannenmu yana da goggo ko maƙwabciya ko matar wa da take wannan aiki. Ku aika mata kai tsaye. Ku saya mata zare mai kyau, ku biya ta farashin kasuwa, ba farashin zumunci ba. Abin da yake kashe matan nan shi ne 'yan'uwa: a karɓi hula a ce sai ƙarshen wata, ƙarshen watan ba ya zuwa, ita kuma kunya ta hana ta tambaya.

Hajiya Babba:
Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Na ga wannan da idona. Mutum zai shiga babban kanti ya biya abin da aka liƙa a jikin kaya bai ce uffan ba, amma tsohuwa mai tallan faifai sai ya taya rabin kuɗi, ya tsaya yana ja har ta sallama don tana son abin da za ta sayi gari.

Malam Na Tsangaya:
Haka ne Hajiya. Hadisi ya zo a Ibn Majah cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Bukhari kuma ya kawo a Al-Adabul Mufrad cewa ku riƙa yi wa juna kyauta, za ku so juna. Idan mutum ya haɗa biyun, ya biya mai sana'a haƙƙinsa cikakke sannan ya kai abin ga iyayensa, ya samu lada ta fuska biyu. Ina kuma tunatar da ku namu na tsangaya. Akwai alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da hannu, akwai masu zayyanar allo ta sauka, akwai dukawa masu ɗinka gafaka. Yaron da zai yi sauka bayan Sallah, allon zayyana da sunansa a jiki kyauta ce da zai ajiye har ya nuna wa 'ya'yansa.

Malamin Zane:
Na gode Malam da ka buɗe wannan ƙofa, don masu zane su ma suna cikin lissafi. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana fitar da ɗalibai duk shekara, a garin da aka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, wadda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka fito daga cikinta. Yaranmu suna gamawa, babu mai saye a gida, sai su koma rubuta allon shago ko su tafi Legas. Amma ku shiga falon amarya, hoton ruwa da furanni ne bugun inji daga waje a rataye.

Abu Huzaifa:
Malam, a yi hattara da zanen abu mai rai. Ba zan kai wa kowa abin da zai sa shi cikin shubuha ba.

Malamin Zane:
Damuwarka a kan hanya take, kuma ba sai ka je nan ba. Akwai masu rubutun ayoyi da hannu cikin salo mai kyau, akwai masu zana ganuwa da ƙofofin gari da Dutsen Dala babu mutum ko dabba a ciki, akwai dagi da sauran adon da magina suke yi a fuskar soro. Fasaharmu ta asali yawancinta ma irin wannan ce. Wanda ya ga bakan gizon rufi da magini Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a Masallacin Juma'a na Zariya ya san abin da nake nufi.

Abu Huzaifa:
In dai haka ne babu damuwa. Na rubutun ayoyin nake so, in akwai mai yi a Kaduna.

'Yar Wusasa:
Salama gare ku. Mu namu lokacin Kirsimeti ne, amma matsalar ɗaya ce, don a watan Disamba mu ma kayan roba da na kwali muke lodowa. Ina so in ƙara maganar tukwane. Ku ɗauki takardar naira ashirin ku juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, ayyukanta suka zaga Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Mun sa ta a kuɗinmu, amma masu irin sana'arta a Ushafa da Bwari da Maraban Jos suna zaune suna jiran mai saye. Randa tana sanyaya ruwa ba ta neman wutar lantarki, saboda ruwan yana tsattsafowa ta jikinta iska tana ɗauke zafin. Azumin bana in an kai wa tsohuwa randa ko tulu mai kyau, kullum da magariba za ta sa albarka. A Jos kuma akwai masu aikin fata na Naraguta ga mai son jaka ko takalmi.

Mai Alƙalami:
Kada a manta da mu marubuta. Yanzu mutum zai ɓata shekara yana rubutu, ya ci bashi ya buga, kafin ya sayar da kwali ɗaya wani ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a WhatsApp. Wanda ya karanta a haka yana yabon marubucin, bai san ya zare masa abinci daga baki ba. Ku sa littafin Hausa guda ɗaya a cikin kayan Sallar kowane yaro da ya iya karatu, na takarda, daga hannun marubucin ko shagon da yake biyan sa. Ƙungiyar marubuta ta ANA tana da reshe a Kano da sauran jihohi, za su haɗa ku da masu littattafai. Sannan a yawon Sallah, maimakon gidan zoo kaɗai, a biya da yara Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, a yanki tikiti. Wuraren nan ba sa rayuwa in ba a shiga.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Abin da Alhaji na Kwari ya ce a kan gwamnati yana da ƙamshin gaskiya, mun gani a nan. A 2004 gwamnatin Kufuor ta fito da tsarin sa kayan gida ranar Juma'a a ofisoshi, teloli da masu saƙa suka samu kasuwa. A Burkina Faso ma Thomas Sankara ya sa ma'aikata sanya saƙin ƙasarsu, Faso Dan Fani, har yau ana sa shi da alfahari. Amma doka ba ta isa ba sai mutane sun so abin. Batakarin arewacin Gana ya samu shiga ne saboda manya da matasa sun sa shi ba su ji kunya ba.

Ɗan Kwari:
Na ji bayananku. Har yanzu ina kan bakana cewa in ba a gyara wuta an tayar da masaƙu ba, muna yayyafa ruwa ne kawai a ganye. Amma maganar Bazazzagiya ta shige ni, don ƙanwar mahaifiyata wannan aikin take yi, kuma ban taɓa tambayar nawa ake ba ta ba. Hulunan da zan raba wa yaran shago bana a wurinta zan bayar. Ɗan Marina, in na ba ka farin yadi daga shagona za ka rina mini?

Ɗan Marina:
Zan rina Alhaji, amma ya zama auduga zalla. Yadin da aka haɗa da roba ba ya kama baba, zai fito dishi-dishi ka ce na cuce ka.

Baban Yusra:
Ni dai na yara ba zan canza ba, na faɗa tun farko. Na Baba ne zan gwada shawarar Ummu Aiman, in je in gwada wanda aka gama. Amma ta yaya zan gane fata ta gaske? Yanzu roba ma ana yi mata ƙirar fata.

Ɗan Damagaram:
Ka juya cikinta Yaya. Fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne mai laushi, roba kuwa za ka ga kamar yadi aka manna. Ka shinshina kuma, jimar bagaruwa tana da warinta da ba ya ɓuya. Ka duba ɗinkin tafin, in gam kaɗai aka sa ba zare, ajiye shi.

Bazazzagiya:
Hula ma haka, a juya cikinta. Ta hannu za ka ga inda aka ƙulla zare aka sake sabo, kuma ɗinkin ba ya zama daidai wa daida ko'ina. Ta inji sumul take, ta fi sauƙin nauyi.

Maman Khalifa:
Ɗan Marina, ni zannuwa nake so na Hajiyarmu da uwar mijina, mai duhun nan. Sai dai ina tsoron zuba, kada ya ɓata musu sauran kaya a wanki.

Ɗan Marina:
Anti, zai ɗan saki shuɗi a wankin farko da na biyu, har a hannu za a gani, wannan ɗabi'ar baba ce, ba aibi ba ne. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulun wanka, kada a sa omo, kada a jiƙa shi ya kwana, a shanya a inuwa. Bayan nan ya zauna. Ki zo cikin makon nan kafin a ga wata ki zaɓi adon da kike so, don matan da suke ƙulli in azumi ya shiga aikin gida yana yi musu yawa, ba sa karɓar sabo da yawa.